Tseren Kwamfutocin Kawu Sale

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Kawu Sale a Zongon Kotonu ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya fara gaisawa da kwamfutarsa. Kana ajiye ta a tebur zai kunna, ya ɗora tafin hannunsa a bayan akwatin, ya rufe ido kamar mai duba zazzaɓin jariri. Sai ya gama jin ɗuminta zai ɗago ya ce, "To, kai kuma ya gida?"

Ni 'yar ƙanwarsa ce, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Inna yake kirana. Aikina haɗa bidiyon biki, kuma kusan duk gardamar da muka yi da shi a duniya a kan firosesa ce, wato ɗan ƙarfen nan da ke cikin kwamfuta yana yi mata tunani.

Kawu bai yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali ba. In an ce wannan ya fi wancan, sai ya jera kwamfutocin biyu, ya ba su aiki iri ɗaya, ya cire agogonsa ya riƙe. Aikin kuwa ba ya canzawa: bidiyon sunan ɗansa na fari za su juya. Mutanen Zongo sun ga an yanka ragon nan ya fi a ƙirga.

Wata rana wani ma'aikacin ofis daga unguwar Ganhi ya sauka daga zemijan, wato babur ɗin haya, rungume da sabuwar kwamfuta, ya ce a duk Kotonu babu mai kamo ta. Kawu ya jera ta da tsohuwarsa, wadda yake kira Hajiya. Aka danna tare. Ta baƙon ta gama, muka sha shayi, muka wanke kofuna, Hajiya tana nan tana nishi.

Mutumin ya ce, "Malam, ka gani ko?"

Kawu ya kama hannunsa ya ɗora a bayan sabuwar. Mutumin ya janye da sauri. Sannan Kawu ya ja shi waje ya nuna masa mitar wuta.

"Taka ta riga isa, ban musa ba. Amma abincin mutum uku ta ci a hanya. A gidanmu mai irin wannan cin ba ma ce masa gwani, baƙo muke ce masa, muna jiran ranar tafiyarsa."

Sai Alhaji Buba mai shanu, wanda ya zo yana son kwamfuta mai firosesa mafi ƙarfi a shagon. Kawu ya tambaye shi me zai yi da ita. Ya ce sauraron tafsiri, da ganin jikokinsa na arewa in sun kira.

"Ƙarama ta ishe ka."

"Ni Buba? Ƙarama? Ana shigowa falona fa."

Suka yi sati suna wannan. Daga ƙarshe Kawu ya samo wani ƙaton akwati mai fitilu shuɗi da ja, ya dasa ƙaramin firosesa a ciki, ya kai masa har gida. Bai kuma ɓoye ba. Ya ce, "Alhaji, cikin naka ne, wajen na baƙinka." Alhaji ya duba fitilun, ya ce a bar maganar a tsakaninsu. Kafin la'asar duk layin ya ji.

Sau ɗaya na kayar da shi. Na sayi wani sabon firosesa don aikina, na ce masa ya fi Hajiya sauri, kuma bai kai ta cin wuta ba. Ya ce ba a taɓa yi ba, mai gudu dole ya ci. Na kawo, muka jera. Tawa ta gama tun rago bai gama shure-shure a ta Hajiya ba. Ya ɗora hannu, sanyi ƙalau. Ya fita ya duba mita, ya dawo, ya sake fita. Kwana uku bai yi mini magana ba. A na huɗu ya kira ni a waya ya ce, "Inna, ai na sani. Gwada ki nake yi, in ga ko kin koyi wani abu."

Daga nan Hajiya ta fara cin tsere. Duk wanda ya kawo tasa sai ta bar shi a baya, Kawu yana shafa ta yana cewa tsufa ba ciwo ba ne, kulawa ce kawai. Sai bayan rasuwarsa, da muka zo kwashe shagon, na kwance murfinta. Irin firosesan nan nawa ne a ciki. A gefensa ya liƙa 'yar takarda da rubutun hannunsa: "Kada a gaya wa Inna."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Mu da ya bari, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.