Chindo Mai Zana Bayan Mutane

Kullum da hantsi Malam Chindo yakan zauna a bakin tashar Konni, ya miƙe hannu da guntun kara, ya runtse ido ɗaya, yana auna masu wucewa. Mata kan sauya hanya, wai awon likkafani yake yi. Shi kuwa lissafi yake, kai nawa ke cikin tsayin mutum, ina gwiwar hannu ke tsayawa. Sai ya koma shagonsa ya zana, ya goge, ya sake. Shekara talatin bai taɓa cewa ya iya ba.

Zanen allunan tallan masu aski yake ci da shi. Amma bangon ƙuryar shagon, ni ma tsigar jikina tashi take idan na shiga. Mutane ne jere a takarda, kowa ya juya baya, kamar jam'in sallar da ba a sallamewa.

A shekarar yunwa ta 2005 wata mata, Safiya, ta zo daga Illela. Mijinta Attahiru ya samu taɓin hankali, ya fita, kwana arba'in babu labari. Ko hoto ba su da shi.

"Malam, in hwaɗa maka kamannun huskatai?" in ji ta.

"Bar huska," in ji Chindo. "Wanda ya ɓace, ta baya direba ka ganinai bisa hanya. Kawo man rigatai da takalminai."

Ya auna kafaɗar rigar da kara. Ya juya takalmin, ya ga dunduniyar hagu ta fi cinyewa, sai ya sauke kafaɗar hagu a zanen, ya karkata ƙugu. Sau tara yana gogewa. Da Safiya ta ga na goma, sai ta ja baya tana salati.

"Hakanan na ganai ran da ya hita," ta ce.

Aka liƙa takardar a tasha. Kwana shida, wani direba ya tsaya a gaban takardar ya ce, "Wagga tahiya na san ta. Yana nan wajen Malbaza." Aka je aka tarar da Attahiru, ƙashi da rai, amma da ransa.

Kai ne, Malam Chindo, wanda muka yi wa kallon tsoro, ashe kallonmu kake don ranar da za a neme mu. Bana ido ya gaza, ka ajiye kara. Mun gode, Allah Ya saka. Masu koyon zane, ku auna kafin ku ja layi, kuskuren yatsa ɗaya kan sa a wuce mutum a hanya.

Mutanen bangon shagon nan duk ɓatattu ne, kowa da kwafin takardarsa. Duk wanda aka samu, Chindo kan cire takardarsa ya ba iyalinsa. Jiya na ƙirga na bangon. Saura goma sha ɗaya, kuma har yanzu babu wanda ya waiwayo.