Jajen da na yi wa maƙwabcina

Sanda nake aiki a Alƙahira, maƙwabcina a unguwar Ma'adi Bafaranshe ne. Da ya dawo daga hutu a karkarar ƙasarsu, sai ya nuna mini hotuna: ga shi janye da jaki tsakanin gonaki, sati guda a ƙafa, yana kwana wajen makiyaya.

Na ɗauka motarsa ce ta mutu a hanya, na ce masa yadda Misirawa ke jaje, "Ma'alish, sannu da wahala."

Ya tuntsire da dariya, wai ai yawon shaƙatawa ne.

Raina ya ɓaci. Can gida, gonar mahaifina tana bayan garinmu kaɗan, amma damina huɗu ke nan 'yan bindiga sun hana mu taka hanyarta. Har jakinmu sun kore.