Baba Mai Taga, Wanda Ya Ƙi Cika Kujeru da Biro

Ƙarfe goma na safe yake isowa gidan sinima, ya jingine kekensa a bayan ɗakin janareta, ya goge gilashin tagar sayar da tikiti da tsumman da yake ajiyewa a aljihu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, har sunansa na yanka ya ɓace, babba da yaro Baba Mai Taga suke ce masa. Ko da aka kawo kwamfuta bai yar da littafinsa ba. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, mu kuwa 'yan fim akwai abin da ya kamata mu faɗa a kansa, ko da zai sa mu sunkuyar da kai.

Bara wani furodusa daga cikinmu ya yi fim na zamanin da, labarin fatake shekara ɗari biyu baya. An yi hayar raƙuma, an ɗinka riguna irin na kakanni, an gina gari guda na ƙasa, ruwa ya rushe shi aka sake ginawa. Miliyan arba'in fim ɗin ya ci. Mutum bakwai suka zuba kuɗi, cikinsu har da kawun furodusan, wanda sai da ya sayar da gona.

Da aka fara haskawa, zaure mai kujera ɗari uku sai ya koma kamar aji ranar hutu. Kunya ta hana furodusa faɗin gaskiya, ya je ya shaida wa 'yan jarida wai an tara miliyan ashirin da biyar a mako ɗaya, yana ganin labarin zai jawo 'yan kallo. Washegari da hantsi ya zo taga tare da manajan sinima, ya tura wa Baba takarda mai nuna zaure ya cika maƙil kullum, ya ce ya sa hannu.

Baba ya karanta har ƙasa, ya cire tabarau.

"Ɗana, jiya mutum ashirin da shida na sayar wa tikiti. In na rubuta ɗari uku, sauran zan ce a ina suka zauna?"

Furodusa ya tashi da faɗa. Ya kira shi tsohon da bai san kasuwa ba, ya ce irinsu ne ke kashe sana'a. Mu huɗu muna tsaye a wurin, ba wanda ya ce uffan, wani ma har ya yi dariya. Manaja ya sa hannu da kansa, ya cire Baba daga taga ya mayar da shi bakin ƙofa yana yaga tikiti a tsaye, alhali kowa ya san gwiwarsa ba lafiya.

Bayan mako uku masu kuɗi suka zo da jarida a hannu da takardar manaja, suna neman kasonsu daga miliyan ashirin da biyar. Furodusa ya rantse kuɗin ba su shigo ba, amma wa zai yarda, shi da ya faɗa da bakinsa? Kawu ya ɗauko lauya, aka fara zancen 'yan sanda. Manaja kuwa ya kashe waya.

Ba yadda furodusa ya iya, haka ya tako zuwa ƙofar da ya sa aka tsayar da tsohon. Daga baya ya gaya mana cewa sau biyu yana juyawa kafin ya iya yin sallama. Baba bai bari ya gama kame-kame ba, ya tambayi ranar da za a zauna da masu kuɗin kawai.

Ranar ya zo da jakar leda cike da guntayen tikiti, na kowace rana an ɗaure da roba, an rubuta kwanan wata da adadi. Ya zauna gaban mutum bakwai da lauyansu ya ƙirga ɗauri-ɗauri, aka gwada da shigar kuɗi a banki, komai ya zo daidai: miliyan shida da 'yan kai. Zagin da aka yi masa bai ko ambata ba. Da zai tashi sai ya ce sau huɗu ya kalli fim ɗin daga bakin ƙofa, kuma aiki ne mai kyau, ƙaryar ce ba ta dace da shi ba. Kawu ya janye ƙara, ya ce asarar gona zai iya haɗiyewa, amma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsa da ɗan ƙanwarsa.

Ga inda kunyar ta fi nauyi. Bayan duk wannan, wata takwas Baba ya ƙara yi a tsaye a ƙofa. Furodusa ya ba shi haƙuri a keɓe, amma bai je ofishin masu sinima ba, don kada maganar ta sake tashi. Mu ma mun yi ta wucewa muna miƙa masa tikiti muna kau da ido. Sai da aka canza manaja aka mayar masa da kujerarsa, ba da bakin ko ɗayanmu ba.

Baba, kai ne ka ceci mutumin da ya ci mutuncinka. Kai ne mai hannun da bai taɓa ƙara sifili ba. Sunanka bai fito a ƙarshen fim ko ɗaya ba, ga shi kuwa da ƙidayarka ɗayanmu ya rabu da ɗaurin kurkuku. Mun gode, kuma ka yafe mana shirun da muka yi.

Masu zama a taga, masu riƙe littafi a kowace ma'aikata, ku rubuta abin da idonku ya gani kamar yadda ya yi. Mu kuma masu tsayawa kallo, in an taka mai gaskiya a gabanmu, mu buɗe baki tun yana tsaye a wurin. Allah ya ba ka hutu mai albarka, Baba, ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar da muka ƙara maka.