Ƙarfen da Yaya Ya Ce In Dakushe

Ni mahauci ne ɗan mahauci, kuma a gidanmu ba a dakushe ƙarfe. Babana ya yi shekara da shekaru yana yanka a Makka, yana gasa tsire a unguwar Rusaifa, ni ma da wuƙa a hannu na buɗe ido. In na ga ƙarfe ba kaifi, jikina ƙaiƙayi yake yi. Har cokalin Inna na taɓa wasawa, ta yanke leɓe, ta bi ni da muciya har bakin ƙofa. Ga ni da baƙar zuciya, wannan kuwa ban gada wurin kowa ba, tawa ce.

Ni da Yaya uwarmu ɗaya, uba kowa da nasa. Nasa uban ya rasu takardunsu ba su daidaita ba, don haka ni ina da iƙama, katin zama a ƙasa, shi ba shi da ita. A unguwarmu Nakkasa, a nan Makka, aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa daɗi, bai taɓa ganin Kano ba, amma duk ranar da hukuma ta riƙe shi can za a kai shi. A kan wannan ya gina rayuwarsa kakaf. Ba ya faɗa da kowa, ba ya tsayawa kallon hatsari, ba ya taka asibiti. Haƙori ya taɓa ruɓe masa, da filaya aka cire a ɗaki ina danne masa kafaɗu.

Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Wata rana ya hauro matakalan unguwa da wani dogon allo a ka, mata suna leƙe suna dariya. A gidan da ya yi aiki aka ba shi, 'ya'yan gidan masu zuwa ƙasashen sanyi sun gaji da shi. Allon sulu ne na kan dusar ƙanƙara, ya kusa kai masa haɓa, da maɗauran ƙafa biyu a sama, da siririn ƙarfe da ya zagaye bakinsa gaba ɗaya.

“Yaya, a Makka? Ƙanƙarar firji za ka hau?”

“Tana sauka a duwatsun Tabuk da sanyi, ya jahili,” in ji shi.

Ni da shi mun san ba zai je ba, shingen bincike nawa ne tsakaninmu da Tabuk? Amma bai fasa ba. Ya ce kafin lokacin sanyi ya zo, a yashi ake koyo. Shekara uku lokacin sanyin nan yana zuwa yana wucewa, shi yana yashi.

Wallahi ban taɓa ganin mutum ya so katako haka ba. Ya kwance maɗauran, ya tsaya a kan allon ya auna faɗin tsayuwarsa da igiya, ya karkata na gaba kaɗan, ya ɗaure sukurori, gobe ya sake kwancewa. Ya sace dutsen gugar Inna yana narka kyandir a cikin allon, ya bari ya huce, ya kankare da gefen tsohon kaset har ya yi santsi. Inna ta goge mayafinta na zuwa Harami, ya fito da tabon kyandir, ranar unguwa ta ji mu. Kowace Juma'a bayan La'asar nakan ɗauke shi a motar ɗaukar namanmu, mu bi wata hanyar ƙasa da ba shinge, mu je tudun yashi a bayan gari. Ya sulalo, ya faɗi, ya ci yashi, ya hau da ƙafa. Ni ma nakan taɓa, amma ba haƙuri gare ni ba.

Wata Laraba ya miƙo min magagari.

“Kai ne gwanin ƙarfe. Ka kashe min bakin nan duka, ka dakushe shi. Kaifin na ƙanƙara ne, a yashi ba ya komai sai cafke mutum ya kayar da shi.”

Na ce to. Amma da na zauna da allon a cinya, na shafa ƙarfen da babban yatsa, sai na ji ƙarfe ne na gaske, irin wanda ba a samu a wuƙaƙen kasuwa. In kashe wannan? Ni? Na ce a raina Yaya bai san ƙarfe ba, abin da waya ta gaya masa yake maimaitawa, abu mai kaifi ai shi ya fi yanka yashi. Na ajiye magagarinsa, na ɗauko dutsen washin Baba. Wuni biyu ina bi, gefe da gefe, ina tofa yawu ina wasawa, har na gwada a damtsena gashi ya zube. Na naɗe allon a bargo, ina jin kaina.

Ranar Juma'a muka hau tudun mu biyu, ba kowa a wurin sai mu. Yaya ya tuɓe takalmi kamar kullum, ya warware bargon, ya kama allon ta gefe. Sai ya sake shi. Ya dubi tafin hannunsa, layi ya buɗe a hankali ya cika da jini.

“Me na ce ka yi?”

“Ka gwada tukuna, Yaya, za ka ga…”

Mari ya katse ni, har kunnena ya yi ƙara. Bai taɓa dukana ba tun da na girma.

“Mahauci kawai! Kanka ba komai sai wuƙa, kai da ubanka!”

Da ya tsaya a kaina, da na haɗiye. Ubana da ya ci da shi, ya tufatar da shi? Na kai masa naushi a baki, na ji haƙorinsa ya shiga yatsana. Muka kama kokawa, muka zube, yashi a ido, yashi a baki. Ya shaƙe ni da hannun nan mai jini, na sa gwiwa na buga masa a ciki, ya sa kai ya fasa min hanci. Muna numfashi kamar raguna. Sai ya yi abin da yake yi duk rayuwarsa, ya saki. Ya miƙe, ya tofar da jini, ya ce, “Halas, shi ke nan,” ya juya min baya ya fara gangarawa.

Wannan juya bayan shi ya ƙarasa ni. Na ɗauki allon da hannu biyu na wurga masa a ƙafafu. Kayar da shi kawai nake so in yi, Allah ne shaidata, na manta da abin da na yi wa bakin allon.

Na ji ƙarar, ɗas. Na san ta. A wurin aiki ta agara muke rataye dabba, wannan babbar jijiyar ta bayan dunduniya, kuma abu na farko da Baba ya koya min shi ne kada wuƙa ta taɓa ta. Yaya ya yi taku ɗaya, ƙafar dama ta ƙi ɗagawa, ya kife. Jini yana tsartuwa, yashi yana shanyewa.

Na gangara da gudu ina salati. Na kwance maɗaurin allon na zagaya masa a ƙwauri, na ja har ya yi ƙara. Na buɗe raunin da yatsa na duba, yana ihu. Agarar ta tsinke gida biyu, ɓarin sama ya tsere cikin nama, ba a ganinsa.

“Kai ni gida,” in ji shi. “Akwai mai ɗinki a unguwa.”

“Yaya, fata zai ɗinke. Jijiyar ta gudu sama. In ba a kamo ta yau ba, ba ka ƙara takawa daidai.”

Ya riƙo wuyan rigata. “Ƙafa ɗaya ta ishe ni a Makka. Ka ji ni? Ta ishe ni!”

Na ji shi sarai. Na sungume shi na sa a mota. Da muka hau kwalta ya ga na ɗauki hanyar asibiti, sai ya cafki sitiyari, saura kaɗan mu kifa a rami. Na taka birki, na sake dukansa, mutumin da na yanka yanzu-yanzu, na ɗaure hannayensa da igiyar da muke ɗaure raguna. Ya zage ni da Larabci, ya zage ni da Hausa, daga baya ya koma roƙo, yana kiran sunana na yarinta. Ina tuƙi ina kuka, ban tsaya ba. Na gaya wa kaina cetonsa nake yi. Gaskiyar kuwa, ba zan iya ganinsa yana jan ƙafa a matakalan Nakkasa kullum ba, ina sane ni na yi.

Likitoci sun kamo jijiyar sun ɗinke. Amma rauni irin na wuƙa, ga fuska a fashe, ga sawun igiya a wuyan hannu, dole ɗan sanda ya zo. Ya tambayi Yaya wa ya yi masa haka. Ina tsaye a bakin gado, hancina a kumbure.

“Faɗuwa na yi a kan allona,” in ji Yaya. “Ƙanena ne ya kawo ni.”

Ɗan sandan ya rubuta. Sannan ya miƙa hannu ya ce, “Iƙama.”

Da filasta a ƙafa aka sa shi a jirgi. Inna ba ta dake ni ba, ba ta zage ni ba, ta dai daina cin duk naman da na kawo gida. Yanzu yana Kano wurin wani kawunmu, an ce yana tafiya garau a kan ƙafa biyu, ko ɗingishi babu. Yana kiran Inna duk Juma'a bayan La'asar. In ta miƙo min wayar, sai ya kashe.

Allon ya yi wata guda a bayan mota, jini ya bushe a bakinsa. Wata safiya na sauke shi, na ɗora shayi, na nemo magagarin da ya ba ni ranar Laraba. Na bi ƙarfen tun daga goshi har wutsiya, gefe biyu, na kashe shi duka, har na goga a leɓena bai yi komai ba. Na gama aikin ruwan shayin bai tafasa ba.