Wuƙar Layyar Malam

Mu biyar ne a tsakar gida ran nan: ni, da Malam mijina, da ƙanensa da ya zo daga Babura a kan babur, da babban ɗanmu, da matarsa riƙe da buta. Sai ragon, ɗaure a gindin darbejiya.

Tun da aka kawo ni gidan nan a Roni, ba wanda ya taɓa yanka ragon Layyarmu sai Malam. Har maƙwabta kawo masa nasu suke yi. Cikin Azumin shekarar nan ne ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ya ƙi.

Ɗanmu ne ya kawo injin daga Kano. Safar hannu ce mai siririn tiyo a bayan kowane yatsa, da ɗan akwatin da ke hura mata iska. In an kunna sai ta dunƙule yatsun, ta ɗan jima, ta buɗe su. Ma'aikaciyar asibiti a Kazaure ta ce don motsa hannu ne kawai, safe da yamma, kada a riƙe komai da ita. Malam ya yi kamar bai ji ba. Ni nake sa masa, ni nake aikawa a yi mata caji. Kuma ina lura da ita: in ta dunƙule, Subhanallahi bakwai nake ja a carbi kafin ta saki. Ba ta taɓa kaiwa takwas ba.

Da aka sauko daga Idi ya ce in ɗauko safar.

Na ce, "Malam, bakwai ce fa. Ita ba ta san rago ba."

"Ke dai ɗauko."

Ƙanensa ya yi 'yar dariya. "Yaya, yau ladan na waye, naka ko na inji?"

"Kama ƙafafu, sarkin surutu."

Aka kayar da ragon, aka fuskantar da shi gabas. Ɗanmu ya tallafi ubansa har ya durƙusa. Safar ta dunƙule a kan mariƙin wuƙa, na fara ƙirga a zuci. Gwiwar hannun ta ƙi miƙewa. Yana ta tura kafaɗa, gumi na bin gemunsa. A ta biyar ya yi Bismillah. A ta bakwai wuƙar ba ta taɓa ko gashi ba. Yatsun suka buɗe, ta faɗa ramin da aka haƙa don jini.

Injin ya sake dunƙule hannun, ba komai a ciki.

"Ɗauka ka yanka," ya ce wa ɗansa, bai ko dube shi ba.

"Baba, ko ka ɗora hannunka a kan nawa?"

"Na ce ka yanka. Dabba tana wahala."

Malam bai ci hantar ba. Ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Ni na ɗauko masa safar nan da hannuna, alhali na san lissafinta. Har yau ban sani ba ko da na ƙi da ya fi.

Washegari bayan sallar Asuba na wanke wuƙar, na naɗe ta a tsumma, na miƙa wa ɗanmu na ce ya tafi da ita gidansa. Na shiga wajen Malam da safar. Ya ce in fitar masa da ita. Na ajiye ta a bakin ƙofa, na zauna, na ɗora hannun nasa a cinyata. Na dunƙule yatsun da nawa, na ja bakwai, na buɗe.