Darasi Mai Tsawon Gonar Kawu

Basira taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, don haka ina da izinin faɗin aibinta a gaban kowa. Ba ta iya tuwo ba. Kuma tun tana ƙarama, in ta kafe a kan abu sai dai ka gaji ka ƙyale ta. Ni tela ne a Tasawa, na daɗe ina yi mata tsiya, amma yau yabonta na zo yi, ko da zai kumbura mata kai.

A Maradi take aiki, a sashen karatu daga nesa na wata jami'a. Ita ke gina shafin intanet da ɗalibai ke shiga, ita ke ɗaukar malamai suna ba da darasi, ta yanke, ta gyara murya, ta ɗora. A garinsu Attantane dai abin da aka sani shi ne tana aikin ordinata, wato kwamfuta, kuma ba ta shan rana.

Yayanta Rayyanu ne ya kai ta nan. Yana tsakiyar karatu a jami'a kawu ya rasu, ya bar gona da tsohuwa da ƙanne. Rayyanu bai yi shawara da kowa ba, ya ɗaure kayansa ya dawo, ya ce Basira ta ci gaba da karatunta. Ya kama koyarwa a lakwal ɗin garin, da damina kuma yana gona. Da Basira ta samu aiki, ta hana shi sakat sai da ya rubuta sunansa a karatun nesa. Shekarar farko ya faɗi. Dokarsu kuwa, wanda ya faɗi sau biyu an sallame shi, kuma jarrabawar tana zuwa ne daidai ƙarshen damina.

Ba kwanya ya rasa ba. Shafin ne aka yi wa ado kamar ɗakin amarya, ga hotuna ga bidiyo, alhali a Attantane sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kafin rezo, wato sabis, ya kula ka. Basira ta kwashe adon nan kaf, ta mayar da darussa murya zalla, yadda mutum zai sauke na mako guda in ya je kasuwar Mayahi. Ta kira yayanta tana murna.

Ya ce, “Ƙanwata, ki bar wahal da kanki. Malam na ta zuba ba tsayawa, ni kau ina bisa hauya. In na kai ƙarshen layi na tsaya shan ruwa, na mance inda ya hwaro. Karatun ga ba na manomi ba ne.”

Ta ji zafin maganar nan ƙwarai. Lokacin noman firi sai ga ta a Attantane a bayan kabu-kabu. Ni ma na zo taya su noma, don haka da idona na gani. Ta ɗaura zane, ta cusa abin saurare a kunne, ta karɓi hauyar yayanta ta kama layin hatsi. Matan da ke wucewa da fura suka tsaya kallo suna ƙyalƙyala dariya.

Na ce, “Ke, korar ki anka yi daga birni?”

Ta ce, “Awo nike, tela. Kai ka taɓa yanka yadi ba ka auna mai riga ba?”

Ta noma layi har ƙarshe, ta duba waya ta ga inda malamin ya kai. Ta sake kama wani. Ta ba Rayyanu ya yi nasa, ta ba ni na yi nawa, don kowa da saurin hannunsa. Kafin azahar tafin hannunta ya yi bororo, ba ta ko nuna ba.

Da ta koma Maradi ta sami Dokta Sirajo, malamin da darasinsa ya fi kayar da ɗalibai, ta roƙe shi ya sake ɗaukar karatun a gutsure, kowane gutsure tsawon noman layi guda. Da fari ya ɓata rai, ya ce darasi ba tsire ba ne da za a yi ta yanka shi. Ta buɗe masa tafin hannunta. Shi ma ɗan manoma ne daga Korgom, ya san abin da ya gani. Sai ya ce, “To in mai noman ya juyo hwa? Mi za shi saurara?” Shi da kansa ya kawo shawarar a rufe kowane gutsure da tambaya ɗaya. Mutum ya tafi da darasi, ya dawo yana juya tambaya a ransa, in ya iso bakin gona ya taɓa waya ya ji amsa.

Haka Rayyanu ya yi maimai, wato noma na biyu, a bana, waya a aljihu, yana noma yana magana shi kaɗai, har tsohuwarsu ta fara tunanin a nemo masa rubutu ya sha. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Wani ɗan kabu-kabu a Gidan Amumune ya ce mini shi ma da gutsattsarin nan yake karatu tsakanin fasinja da fasinja. Na ce masa taubashiyata ce ta yi su, kuma na faɗa da ƙarfi don na kusa su ji.

Sakamako ya fito ana ɗaurin dammunan hatsi. Rayyanu ya ci. Basira ta zo da kanta, muka iske shi a gona. Bai yi tsalle ba, ba halinsa ba ne. Ya daɗe yana kallon gonar daga wannan baki zuwa wancan, sannan ya ce, “Baba bai taɓa taka ƙohwar lakwal ba. Ga shi yau jami'a na auna karatu da gonarshi.”

Basira ta ce, “Yaya, saboda ni ka baro aji. Ai dole in biyo ka da shi.”

Ya juya baya yana gyara dami, wanda tuni a ɗaure yake. Ni ma idona ya kawo ruwa, ban kuma ɓoye ba. Ranar ko tuwonta na ci, har na nemi ƙari.