Duhun da Baba Ya Wanke

Na yi aiki a wata ma'aikatar firam a Birnin Masana'antu na Biyu, kudu da Riyad. Mu yanka katako, mu sa gilashi, mu naɗe a kwali. Yawanci ayoyi ne da hoton raƙuma. Ran nan wani likita Kirista ya aiko da zane a sake masa firam, ƙato kamar ƙyauren ɗaki, fentin mai a kan yadi. Kwafi ne na wani tsohon zanen Turai, amma da hannu aka yi shi.

Ni baƙi kawai na fara gani. Da na ja baya sai mutane suka fito. Wani dattijo ya rungume saurayi a durƙushe, riga a yage, faso a dunduniya kamar ɗan dako. Can gefe wani ya tsaya ya ɓata rai, da ƙyar ake ganinsa.

Ogan ɓangarenmu ɗan Filifin ne, shi ma Kirista. Ya ce labarin daga littafinsu yake: yaro ya karɓi gadonsa, ya je ya cinye, ya dawo tsiya-tsiya, uban ya yanka masa maraƙi. Mai ɓata ran yayansa ne.

Na ce, "Sadik," wato aboki da Larabci, "a gidanmu da dorina ake tarar irin wannan."

Ya haska tocila ta gefe ya nuna min. Farin goshin dattijon da hannuwansa an lafta shi da kauri kamar man shanu, duhun kuwa siriri ne, shafi kan shafi. Na tambayi inda fitilar take a ɗakin. Ya ce babu, mai zanen ne ke haska wanda yake so ka fara gani, sauran ya bar ka ka lalubo.

Baba mai shara bai ji wannan karatun ba. Dattijo ne ɗan Damagaram, ni Bakano, kullum muna tsokanar juna. Wata rana muka dawo daga cin abinci muka tarar da shi da soso da tina mai narkar da fenti, ya goge gefe guda na zanen. Fuskar yayan ta tafi, yadi ya leƙo.

"Baba! Me ka yi?"

"Hayaƙin murhu ne, ɗan Kano. Ku ƙazamai ba ku san shi ba. Haka ɗakin girkin tsohuwata yake."

"To ka wanke mutum ɗungurungum. Saura likkafani."

Bai yi dariya ba, don ya ga fuskar oga. Iƙamarsa, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, kuma kafilinmu, Balaraben da muke aiki a ƙarƙashin sunansa, ba ya jan magana, huruj yake buga wa mutum, wato bizar fita, ya koma gida.

Oga ya yi kwanaki yana shafa ruwan ƙasa da baƙi a wurin. Bai iya fuska ba, sai ya bar duhu zalla. Baba yana shara nesa-nesa, ko kallon wajen ba ya yi.

Likitan ya zo, ya daɗe a tsaye, ya ce ina babban ɗan? Mudir, manajan ma'aikatar, ya faɗa masa gaskiya. Ya dubi Baba, ya dubi zanen, ya ce a sa masa a mota.

An sabunta wa Baba iƙama. Amma an fitar da shi daga cikin sanyin na'ura zuwa fili, wurin lodin katako, cikin ranar Riyad. Can na bar shi lokacin da na koma tuƙi.